Manhajar Fofo Sedjro da Ba Ta Iya Cewa A'a Ba

Shagon Sedjro Kpadonou yana bayan layin masu sayar da afitin, daddawar ƙasar, a Bohicon, inda ƙanshin daddawar ke kama rigar mutum ya raka shi har gida. Ƙofa ɗaya ce da taga ɗaya, sai fanka mai kuka. A saman kanta har yau akwai tafiretoci biyu da masu su ba su dawo sun karɓa ba. Ba mai kiran sunansa gatsau. Fofo Sedjro ake ce masa, wato Yaya Sedjro, matarsa Ablawa kuwa, wadda ke da tebur a layin afitin ɗin, Papa Sena take kiransa, da sunan ɗan farinsu.

Tun yana da baƙin gashi na san shi, lokacin da yake zuwa gidan rediyonmu gyaran tafireta. Da zamanin tafireta ya wuce, sai ya sayo wata tsohuwar kwamfuta a Kwatano, ya zauna da littattafan da aka yi wa hoto har wasu shafukan ba sa karantuwa, ya koya wa kansa rubuta manhaja da yaren da ake kira Python. Da maƙwabta suka ji ma'anar sunan mesa ce, macijin da ake bauta wa a ƙasar, sai suka ce ai shi ke nan, Fofo ya shiga hidimar dodo, a riƙa gaishe shi da ladabi. Ya ci gaba da aikinsa. Dama can ba mai yawan magana ba ne.

Aikin da ya riƙe shi sauran rayuwarsa ya zo ne daga wata ƙungiya mai kula da ƙananan ɗakunan haihuwa a ƙauyukan da ke kewaye. Suna son abin da zai riƙe bayanan masu zuwa awo: suna, nauyi, awon jini, haihuwar da aka yi a baya, maganin da jikin mace ba ya karɓa. A ƙauyukan babu intanet, wuta kuma sai ta ga dama. Saboda haka ya haɗa manhajarsa da wani rumbun bayanai mai suna SQLite, wanda ba ya buƙatar wata babbar na'ura a wani gari. Fayil ɗaya ne tak, yana zaune a cikin kwamfutar kusa da manhajar, kamar rumbun tsakar gida. Manhaja ce hannun da ke zubawa da ɗebowa. In hannu ya miƙa rumbu ya ƙi karɓa, rumbun yakan faɗi dalilinsa. Aikin mai rubuta manhaja shi ne ya saurari dalilin, ya san abin da za a yi da shi.

A farko Sedjro ya bar dalilan suna fitowa yadda suke, jan rubutu da Ingilishi a tsakiyar allo. Ungozomomi Faransanci da Fon suke ji. Da zarar jan rubutu ya fito, sai mace ta zare wayar wuta daga bango, ta tsaya nesa tana kallon abin. Shugaban ƙungiyar na wancan lokaci, wani tsohon malamin asibiti mai ƙaton ciki, ya kira shi ofis.

"Fofo, injinka yana zagin ma'aikatana."

"Ba zagi ba ne, Shugaba. Yana faɗin abin da ya same shi ne."

"Shi ma ciwo yake yi? Mace na naƙuda a ɗaki, ga wani a kan tebur yana kawo nasa ƙorafin. Ka rufe masa baki."

"In na rufe masa baki..."

"Ka rufe. Wa ya taɓa gaida mutum ya ce masa ba lafiya? Ka koya masa tarbiyya."

Layuka kaɗan ne ya ƙara. Duk abin da rumbu ya faɗa, manhaja ta haɗiye, ta nuna koren rubutu mai cewa an adana. Ƙorafi ya ɗauke ɗif. Shugaban ya aiko masa da zakara da doya. An yi gudun gara, ba wanda ya lura da gidan da aka faɗa.

Daga nan rayuwarsa ta koma ta waya. A kira shi daga wannan ƙauye a ce sunan wance ya ɓace. A kira daga wancan a ce awon watan jiya ba ya nan. Ya hau bayan zem, wato acaɓa, ya sha kwazazzaban hanya, ya je ya lallaɓa fayil ɗin ya ceto abin da zai cetu, ya dawo yana dafe da ƙugu. In an tambaye shi me ya faru, sai ya ce wuta ce. Ba ƙarya yake yi ba, amma ba ita ce gaskiyar duka ba, kuma ya sani. Sau da yawa ya ce zai zauna ya warware layukan nan. Kullum sai wata wayar ta riga shi. Shugabanni suka zo suka tafi, 'ya'yansa suka girma suka watse, manhajar tana nan tana cewa an adana.

Idonsa na hagu ne ya fara tafiya, a hankali, daga gefe. Ya ƙara girman rubutun allo, ya ci gaba. Lokacin da Ablawa ta tisa ƙeyarsa zuwa wurin likita, na hagun ya riga ya mutu. Hawan jinin ido ne. Likitan ya ce za a yi wa na daman aiki a Parakou bayan bikin sabuwar doya, don a tsare abin da ya rage. Bai yi alkawarin komai ba. Ya ce bayan aikin ba kallon allo sai yadda hali ya yi, kuma mai yiwuwa halin ba zai yi ba.

A cikin wannan jiran ne Tanti Assiba ta kira. Ita ce babbar ungozoma a wani ɗakin haihuwa da ke kan hanyar Cove, mace mai faɗin kafaɗa wadda rabin yaran ƙauyen a hannunta suka faɗo. Ina shagon ranar, na kai masa rediyona mai ciwon batir, don har yanzu yakan taɓa irin wannan in ya ga dama. Muryarta ta cika ɗakin.

"Fofo, kana zaune?"

"Ina zaune, Tanti. Kin tashi lafiya? Yaya mutanen..."

"Ajiye gaisuwar."

Ya ajiye sukudireban da ke hannunsa.

Ta ce akwai wata mai ciki, Yabavi, wadda wata allura ta taɓa kumbura ta a cikinta na fari. Da ta zo awo, Assiba ta rubuta wannan a kwamfuta. Ranar da naƙuda ta kama Yabavi, Assiba ta tafi jana'izar kawunta, wata ce daga wani ƙauye ta riƙe mata wurin. Ta duba allo ba ta ga komai ba, ta yi allurar. Maƙogwaron Yabavi ya toshe. A kan babur aka kai ta babban asibiti, mutum biyu na riƙe da ita. Ta rayu, ɗan ma ya rayu, da ƙyar.

"Da yatsun nan nawa na rubuta, Fofo. Injinka ya ce mini an adana. Kore shar, na gani da idona. Yanzu dangin mijinta suna cewa ni ce na yi sakaci. To ka gaya mini, ni ce maƙaryaciya ko shi?"

"Shi ne, Tanti."

"To wa ya haife shi?"

Ta kashe wayar. Sedjro ya ture rediyona gefe. Sannan ya ce mini in zo in ɗauki rediyon wani makon.

Abin da ke gabansa a fili yake. In idon ya tafi, ba wanda zai ƙara hawa zem ya je ya lallaɓa fayil, ƙungiyar kuma ba ta da wani mai yi mata wannan aikin. Manhajar za ta ci gaba da cewa an adana har ranar da wata Yabavin ba za ta kai asibiti ba. Dole kafin tafiya Parakou ya buɗe mata baki, kuma ya koya mata maganar da ungozoma za ta gane ba tare da ta kira shi ba.

Ya cire layukan haɗiyewa, ya sa manhajar ta riƙa ajiye duk abin da rumbu ya faɗa, ya aika wa Assiba sabuwar a filas, ɗan abin ɗaukar fayil, ta hannun direban motar kasuwa. Da filas ɗin ya dawo, ya sa fuskarsa dab da allo ya karanta. Koke iri biyu rumbun ke yi. Na farko, wai a kulle yake. Wannan bai ba shi wuya ba. Kwamfutar tsohuwa ce mai nawa, in an danna ba ta buɗe da wuri ba sai a sake dannawa, manhaja ta buɗe sau biyu, ɗaya a bayan ɗaya. Ta bayan ta riƙe rumbu da aikin da ba ta gama ba, ta gaban ta zo zubawa a ce mata a kulle yake. Nan bayanin Yabavi ya zube. Na biyun ne ya tsaya masa a rai. Rumbun na cewa jikinsa ya lalace. Ɗaukewar wuta kaɗai bai kamata ta yi haka ba, domin an gina rumbun ne yadda zai jure ta. Ya juya abin ta kowace fuska, bai ga ƙofarsa ba.

"Sai na je na gani," ya ce wa Ablawa.

"Da wane idon?"

"Da wanda ya rage."

"Wanda ya ragen ai na likita ne yanzu, ba naka ba. Papa Sena, in ka faɗo daga kan zem, ni ba zan bar tebur ina jinyar ƙashi ba, ka ji na gaya maka."

Ta ƙulle masa akasa, kafar masara, da soyayyen kifi a leda, ta je da kanta ta zaɓo masa ɗan zem mai furfura wanda ba ya gudu.

Ya yi sammako, ya isa Assiba na sharar tsakar gida. Ba ta saki fuska ba, amma ta ba shi kujera da ruwa. Ya ce kada ta kula shi, ta yi aikinta yadda ta saba. Jiya da yamma wuta ta ɗauke tana tsakar rubutu, in ji ta, sai yanzu ta dawo. Ta gama shara, ta goge teburin awo, ta goge ma'auni, ta goge fuskar kwamfuta da gefen zanenta, ta kunna. Kafin ta buɗe manhaja sai ta shiga foldar da rumbun yake. Kusa da babban fayil ɗin akwai wani ƙarami mai irin sunansa, da ɗan jela a ƙarshe. Ta ɗora linzamin kwamfuta a kansa ta goge, ta bi shi kwandon shara ta zubar, duk cikin ƙiftawar ido, kamar mai kore ƙuda.

"Tsaya! Me kika goge?"

"Datti."

"Wane irin datti?"

"Bairos mana. Duk ranar da wuta ta ɗauke sai na tarar ya haihu a nan. Ba na barinsa ya wuni."

"Tanti, wa ya ce miki bairos ne?"

Ta juyo da kujerar gaba ɗaya ta dube shi.

"Kai."

Ta tuna masa. Shekarar da bairos ɗin filas ya addabi kowa, ƙungiya ta tara su a ajin makarantar firamare, shi ya tsaya gaban allo da alli.

"Da rigarka mai ruwan ƙasa wadda aljihunta ya yage. Ka ce duk fayil ɗin da ba ku kuka haife shi ba, ku kashe shi. Har ka sa muka maimaita kamar 'yan aji ɗaya. Ni dai ɗaliba ce mai jin magana."

Ya tuna rigar. Ya cire tabarau ya murza idon da ke gani.

Ya yi mata bayani da abin da ta sani. In mace za ta gyara cikin rumbu, takan kwashe hatsin wurin ta zuba a ƙwarya ta ajiye gefe. In ruwan sama ya katse ta, ƙwaryar na nan, sai ta mayar da hatsin yadda yake. Haka rumbun kwamfuta ke yi: kafin ya taɓa wani shafi sai ya kwafe tsohon a ɗan fayil ɗin nan. In wuta ta ɗauke aiki bai ƙare ba, da an sake kunnawa zai ɗauko ƙwaryar ya gyara kansa, sannan ya kawar da ita. Sau da yawa ba abin kirki a cikinta, a zubar ba a ga komai ba. Wata rana kuwa rabin rumbun ne a ciki.

"Wato shekara da shekaru ƙwaryar nake zubarwa."

"Da umarnina."

"To ka ɓoye shi mana, yadda ba zan gani ba."

"In na ɓoye za ki tono. Ni na koya muku yadda ake fito da ɓoyayyen fayil."

A nan ta yi dariya, ta farko tun zuwansa, gajeriya.

"Ka koya mana da kyau kam. Kuma ba ni kaɗai ba ce, Fofo. Duk wadda ta yi aiki a ƙarƙashina na koya mata, su ma sun koya wa wasu. Ko ka bi mu ɗaya-ɗaya ka ce mu bari, hannu ya riga ya saba."

A hanyar komawa ɗan zem ya tsaya shan mai a bakin wani ƙauye. Gefen titi akwai tarin itacen girki, ba kowa kusa, an ɗaura masa ganyen kwakwar manja a sama. Mutane na wucewa, ba mai ko kallonsa sau biyu. Ganyen alama ce cewa abin yana da mai shi. Sedjro ya ce mini a nan ya gane Assiba ba fayil take sharewa ba, abin da ba shi da mai shi take sharewa. Ƙaramin fayil ɗin kuwa sunan babban yake ɗauka, ya ƙara jelarsa. Da ya isa shago sai ya canja wa rumbun suna gaba ɗaya, ya sa masa: Kayan Fofo Sedjro ne, kada a share. Daga ranar, duk lokacin da wuta ta ɗauke, ɗan fayil ɗin da sunansa yake fitowa.

Sauran aikin na haƙuri ne, idon kuma ba ya jure dogon zama. Yakan yi kaɗan, hawaye su zubo, ya rufe ido ya jingina da bango, ya sake tashi. Ya hana manhaja buɗewa sau biyu. In rumbu ya ce a kulle yake, ta ɗan jira ta sake gwadawa da kanta, in ya ƙi sannan ta faɗa. In aiki ya tsaya a rabi, ta janye shi duka, kada ta bar rabin magana a ciki. Kowace safiya ta duba lafiyar rumbun kafin ta karɓi sunan kowa, ta ajiye kwafi. Koren rubutun nan kuma ba zai ƙara fitowa ba sai rumbu da bakinsa ya ce ya karɓa.

Kalmomin ne suka fi cin lokacinsa. Yakan leƙa ta taga ya karanta wa Ablawa da ƙarfi, tana tsakar ƙulla afitin a ganye.

"Saurara. An samu matsala wajen aiwatar da buƙatarki."

"Wannan ai gwamnati ce ke magana. Me ya faru, me zan yi?"

Ya koma ya goge. Can ya sake leƙowa.

"Ban adana ba. Abin da kika rubuta yana nan a allo, bai shiga ba. Kada ki zare waya. Ki rubuta a takarda, ki sake dannawa."

"Yawwa. Haka kake yi mini magana in na taɓa rediyonka."

Mafi tsananin saƙon shi ne na ranar da rumbu ya lalace. Ya sa manhajar ta tsaya cak, ta ƙi karɓar komai, ta ce kada a yarda da abin da ke allo yau, a tambayi mai cikin da baki ko akwai maganin da ba ya karɓarta, sannan ta nuna maɓalli ɗaya da zai dawo da kwafin jiya. Sabon shugaban ƙungiyar, matashi mai son a ga komai na tafiya sumul, ya ce saƙonnin sun yi kaushi, ko za a ɗan tausasa. Sedjro ya ce ya taɓa tausasawa sau ɗaya, an ba shi zakara. Direbobin kasuwa suka rarraba filas ɗin ƙauye-ƙauye, shi kuma ya rufe shago ya hau motar Parakou, Ablawa na riƙe da jakarsa da wayarsa.

Na je duba shi bayan sun dawo. Yana kwance a kujerar zane ƙarƙashin mangwaron gidansu, da baƙin tabarau. Idon ya tsira, in ji likita, amma ba duka ba. Yana ganin mutum, yana ganin ƙofa, yana gane kalar zanen matarsa. Rubutun allo kuwa ya zame masa tururuwa. Bai yi dogon bayani ba, ni ma ban tambaya ba. Wayar tana ƙulle a bakin zanen Ablawa, wadda ta ce wayar ta yi ƙara sau ɗaya tun dawowarsu, mai neman gyaran fanka ne.

Muna zaune ta sake yin ƙara. Ablawa ta duba, ta yi tsaki, ta danna yadda kowa zai ji.

"Tanti, mara lafiya ne fa. In injin ne, ki kira wanda ya ƙera wuta."

"Ba shi nake nema ya gyara komai ba, Maman Sena. Ba ni shi in yi masa ƙorafi. Fofo, kana ji? Ɗan nan naka ya yi baki. Jiya ina tsakar awo ya ce mini bai adana ba. A gaban mutane!"

Sedjro ya ɗago kai daga kujerar.

"Sai kika yi yaya?"

"Me zan yi? Na rubuta a takarda, na sake dannawa, ya karɓa. Yau da safe kuma na tarar da ɗan dattin nan, da sunanka a goshinsa. Hannuna har ya kai."

"Kika goge?"

"In goge kayan mutane? Ni ɓarauniya ce? Na bar shi. Da na buɗe manhaja na waiwaya, ya tafi da kansa, ko sallama babu. Halinku ɗaya."

"Karanta mini abin da ya ce jiya, daidai yadda ya faɗa."

"Kai ka rubuta, kai za ka tambaye ni? Ina da mata a layi. Yabavi ta kawo ɗanta rigakafi, ta ce a gaishe ka, ban san dalili ba. Ka sha magani."

Ta kashe. Ablawa ta mayar da wayar bakin zane ta ƙulle, ta koma kan turminta. Sedjro ya ce akwai wani saƙon, na ranar da kwamfuta ta cika, wanda bai gamsu da yadda ya tsara shi ba, da ya samu wani makon da ya gyara. Na ce ai za su gane. Ya ce wataƙila. Ya gyara kwanciya, ya ɗora hannu a ƙirji. Kafin in gama shan ruwan da aka kawo mini barci ya ɗauke shi, da rana tsaka, bakinsa a ɗan buɗe. Na ɗauki hulata na fita a hankali.